Rijiyar da Jirgi Ya Bari

Ranar Litinin

Zuwa ga babbar 'yata, Nas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin ƙaramin mijin nan nawa? Kin ce ya warke, amma na san halinki, ko ɗanki na kwance za ki ce da ni lafiya lau. Ki riƙa sa masa rigar sanyi da safe. Na san ke ce ma'aikaciyar asibiti, amma ni na haife ki.

Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. A waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, da na fara sai ki ce, Inna ki daina damuwa. Takarda kuwa ba ta katse ni. Tunda Allah ya sa na koyi rubutu da furfura a kaina, a ajin matan nan bayan rasuwar babanku, ba zan bar shi ya kwanta ba. Direban motar kasuwa ne zai kawo miki.

Auta ya gaya mini aikin da kika samo masa a siton asibitinku, da cewa shugaban wurin zai riƙe masa gurbin har ƙarshen wata. Allah ya saka miki, kin yi abin da babbar yaya take yi. Amma ki saurare ni. In Auta ya tafi, matarsa za ta bi shi, jikata Takwara za ta bi uwarta, ke kuma kin riga kin rantse ba za ki bar ni ni kaɗai a gidan nan ba. Ban raina ɗakin da kika gyara mini a benenku ba. Sai dai a garin nan aka binne babanku, a nan nake so in ƙarasa kwanakina.

Shi ma Auta ba son tafiyar yake yi ba, rashin ruwa ne ya tura shi bango. Rafi ya janye tun kafin lokacinsa, ya bar mana yashi. Famfon gari da kyar yake isar sha, mata na wuni a layi. Irin tumatir da barkono da ya yafa a bayan gida ya tsiro ya yi kyau har ya isa dashe, amma ina za a dasa shi? Jarkoki yake turowa a baro tun daga wajen gada, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Shekaranjiya ya ajiye baron ya ce da ni, Inna, ran da irin nan ya mutu, ran nan zan ɗaure jakata. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa na san da gaske yake.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, akwai rijiya a tsohuwar tasha.

Ku kun taso kun tarar da tashar kango, awaki a ɗakin jira, ciyawa ta cinye layin dogo. Ba ku san don ruwa aka gina ta ba. Sa'ad da aka shimfiɗa dogo babu gari a nan, ko bukka ɗaya. Kan jirgi na wancan zamani da kwal da ruwa yake tafiya, kuma shansa ya fi na garken shanu. Masu aikin suka haƙa suka dace da ido mai ƙarfi, suka gina rijiya da dutse, suka kafa injin da ke tura ruwan zuwa wani tanki mai dogayen ƙafafu a bakin layi. Tunda dole jirgi ya tsaya ya sha, sai fasinjoji ma su sauko su miƙe ƙafa. Mai shayi ya zo ya kafa tebur, mai burodi ya biyo shi, kakanku ya zo da buhunan hatsinsa. Haka gari ya tsiro a bayan tasha. Ni a kan dandamalin nan na girma, da farantin lemo a ka, muna bin tagogin taragu da gudu, ni da ƙawata Mai Ƙwai. Babanku kuwa jirgi ne ya kawo shi, saurayi siriri mai baƙin mai har gwiwar hannu. Shi ne mai kula da injin rijiyar.

Daga baya aka kawo kan jirgi mai shan dizal, wanda ba ya bukatar tsayawa. Ya riƙa wuce mu yana ihu kawai. Aka kwance injin, aka rufe bakin rijiyar da faifan ƙarfe don kada yaro ya faɗa, aka mai da babanku gyaran layi a wata tasha mai nisa, inda na haife ku duka. Da muka dawo, jirgin ma ya daina bi ta nan. An sare tanki, ambaliya ta shimfiɗa ƙasa a filin, ɗakin inji ko tubalinsa babu. Babanku da ciwonsa na ajali ya dawo, bai ƙara taka tashar ba.

Amma ruwan bai hau jirgi ya tafi ba, yana nan a ƙasa. Mu uku muka rage da muka san rijiyar da idonmu: ni, da Mai Ƙwai, da Baba Mai Tuta wanda ya yi aikin ɗaga wa jirgi tuta, ko da yake shi yanzu idon ya tafi. Bakinmu ɗaya, rijiyar tana gindin mangwaron tasha, mangwaron kuwa yana nan tsaye. Mai gadin da aka ajiye don ɓarayin ƙarfe ya aika wa manyansa, sun ce in dai ba za a taɓa dogo da gini ba, a haƙa.

Roƙona gare ki ɗaya ne. Kada ki riƙa kiran Auta kina cewa ya yi sauri. Ki ba ni zuwa ƙarshen watan.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau. Ki daina tsallaka titin nan na gaban asibiti kina waya.

Ni ce mahaifiyarki mai yi miki addu'a kullum.

Ranar Lahadi

'Yata Nas,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan duka. Da fatan aikin bai yi miki yawa ba, don a muryarki ta ranar Alhamis na ji gajiya. Kin ce mafarki nake haƙa. Ban ji haushi ba, don abin da zan gaya miki yanzu ya kusa gaskata ki.

Mun haƙa, ba mu sami komai ba.

Surukin Auta, uban matarsa, wanda ake kira Gwani, shi ya ja aikin. Kin san haƙar rijiya ce sana'arsa tun yana yaro, kuma shi ma ba ya so a kai masa 'ya nesa. Suka fara ta gabas da mangwaro, suka koma yamma, suka zagaye shi kaf. Saiwa kawai suke ci karo da ita, sai jar ƙasa busasshiya wadda Gwani ya ce diga ba ta taɓa shigarta ba tun da aka yi duniya.

Baba Mai Tuta aka kawo masa kujera, ya zauna yana nuni da sanda, a matsa nan, a koma can. Mai Ƙwai ta ce masa, kai da idonka biyu ma ka taɓa tsai da jirgin kaya don ka hango jan mayafin wata, yau da babu idon za ka nuna mana rijiya? Ya ce, gara ni, ban taɓa sayar wa fasinja ɗanyen ƙwai ba don na san jirgi zai tashi kafin ya fasa. Haka suka wuni. Da farko masu haƙa na dariya, daga baya dariyar ta ƙare.

Samarin teburin shayi sun sa wa ramukan suna, wai kabarin jirgi. Irin Auta ya fara yin rawaya ta gefe. Jiya na fito na ga matarsa ta wanke babbar jakar nan ta shanya a igiya, da ta gan ni ta kau da kai. Auta ya zo ya tsuguna kusa da ni ya ce, Inna, kin yi iyakar ƙoƙarinki, a bar shi haka.

Da yamma na koma tashar ni kaɗai, na zauna a gindin mangwaron a kan tulin ƙasa. Ina zaune sai na ɗaga kai na ga mai gadi a tagar tsohon ofishin shugaban tasha yana rataya rigarsa. Ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Na tashi na kama hanyar gida. Sai da na kai wajen injin niƙa ƙafata ta tsaya da kanta.

'Yata, ba a taɓa ɗaga wa kowa hannu daga tagar nan zuwa gindin mangwaro ba. Ba ya yiwuwa.

Yanzu dole in gaya miki abin da uwa ba ta gaya wa 'yarta. Shugaban tasha na zamaninmu, wanda muke kira Masta, mutum ne mai tsanani. Ya hana masu talla wuce ƙarshen dandamali, ya hana ma'aikata hira a bakin aiki. Yana zaune a tagar nan yana ganin tashar kaf kamar shaho. Wuri ɗaya tak idonsa ba ya kaiwa, gindin mangwaron rijiya, don ginin siton kaya ya tare. A nan babanku yake tsai da ni in jirgi ya tashi. Hira ce kawai, kada ranki ya kai ki wani wuri, kuma lemo yake saye. Sai bayan aure na gane ko shan lemo ba ya yi, yana kashe masa haƙori.

Ke nan wannan bishiyar ba ita ce tamu ba. Na tuna ran da muka dawo garin na gan ta na ce a raina, ashe ba ta kai girman da nake tunawa ba. Ina jin tsohuwar ta mutu bayanmu, wannan kuma ta tsiro daga ƙwallon da wani fasinja ya jefo ta taga. Shekarun da na yi a waccan tasha, Mai Ƙwai tana gidan aure a wani gari, Baba Mai Tuta kuma an mai da shi can ƙarshen layi. Dukkanmu muka dawo muka ga mangwaro a tasha, muka gaishe shi a matsayin tsohon sani.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Ta yaya zan buɗe baki in faɗi wannan a gaban ɗana da surukinsa? In kuma na faɗa aka sake haƙa aka rasa, za a ce tsufa ya taɓa kan Inna, ke kuma ki zo da mota ki kwashe ni.

Ki yi mini addu'a. Ki gaida yara.

Mahaifiyarki.

Ranar Laraba

Nas 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Ki yi haƙuri da layukan da suka karkace, cikin sauri nake rubutu.

Mai Ƙwai na fara gaya wa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa. Ta ce, ke da kike sunkuyar da kai kamar ba kya iya kashe ƙuda, ashe ke ma 'yar bayan sito ce. Wai ita samari biyu ta riƙa saurara a wurin, kowa da ranarsa. Muka je wajen Baba Mai Tuta. Ya ce gaskiya ne, don shi ma a gindin bishiyar nan ya ce yana son wata, ta ƙi shi, kuma Masta bai gani ba, da ya gani da duk layin ya ji. Mai Ƙwai ta ce, to wa ya ce ka zo zance da tuta a hannu kamar za ka tsai da jirgin kaya? Sama da shekara hamsin da sanina da mutanen nan, ban san wannan ba sai ranar.

Ita ta ɗauke mini nauyin gaya wa Auta, kuma ta ƙara gishiri yadda ta ga dama. Auta ya kafa ido a ƙasa yana sosa ƙeya. Gwani ya duƙufa duba bakin digarsa kamar yau ya fara ganinta. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska. Da ta gama, Gwani ya yi gyaran murya ya ce, to, a je a tambayi tagar.

Ga yadda aka yi. Mai gadi ya tsaya a tagar Masta. Mu kuma muka bazu a filin da ke bayan sito, wanda rufinsa ya tafi amma bangonsa na nan. Duk wanda mai gadi ya hango sai ya kira shi, ya matsa. Inda mutum ya ɓace masa, a ajiye dutse. Kafin rana ta yi tsaka labari ya kai gari, sai ga tsofaffi na fitowa da sanduna, har da waɗanda suka rantse mana makon jiya cewa ba su san komai game da tasha ba. Mahaifiyar mai injin niƙa, wadda ba ta fita ko ƙofar gida, jikokinta suka kawo ta a baro. Kowa ya san inda zai nufa ba tare da an nuna masa ba. Mai gadi na ta ƙwala kira daga taga, Gwaggo ina ganinki, Kawu ɓoye da kyau ga hularka nan. Wani tsohon tela ya ce masa, yaro, wanda ya fi ka ido ma bai kama ni ba. Rabon da in ga mutanen garin nan suna dariya haka tun kafin rafi ya ƙafe.

Duwatsun suka zana wani dogon yanki a bayan sito, duk ƙaya da ciyawa. Gwani ya dube shi ya ce ya yi faɗi, kafin a bincike shi duka irin Auta ya zama toka. Sai wani abu ya faɗo mini. Babanku yana hira da ni amma rabin idonsa na kan doguwar sandar ƙarfen nan mai hannu, wadda ke nuna jirgi na tafe. Da hannun ya sauka sai ya bar ni da magana a baki ya ruga ya tada inji. Har fushi na sha yi a kan haka. Sandar tana nan, ta yi tsatsa amma ba ta faɗi ba. Na shiga yankin ina tafe ina waiwaye. Daga tsakiya sito ya tare taga ya tare sandar. Sai can a gefe ɗaya, a wata 'yar kusurwa, taga ta ɓace amma sandar ta fito. Na tsaya na ce a nan ne.

Suri ne a wurin, babba. Da aka fasa shi sai ga ruɓaɓɓen kututture a cikinsa, faɗinsa ya fi tabarma. Na dafa shi, ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba.

Gwani ya ɗauki dogon rodi ya riƙa kafa shi a ƙasa yana bugawa, yana matsawa. Kowa ya kasa kunne. Sau da yawa rodin na nutsewa shiru. Can sai Baba Mai Tuta ya ɗaga sandarsa ya ce a dakata, a sake buga wannan. Mu ba mu ji komai ba. Aka sake bugawa, sai ga wata ƙara daga ƙasa kamar an taɓa ƙararrawa a cikin tulu. Ya ce, wannan ƙarfen jirgi ne, ko a kabari na ji shi zan gane.

Kafin faɗuwar rana an kwashe ƙasar. Faifan yana nan kwance, da kusoshinsa.

Kada ki yi murna tukuna, ni ma na hana kaina. Ba a ɗaga shi ba, ba mu san abin da ke ƙasa ba. Irin da ya rage bai kai rabi ba, wata kuma ya kusa ƙarewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai, gwiwar Gwani ba za ta iya shiga rami ba, Auta ya ce shi zai sauka. Na ce a nemo wani, ya ce ɗan wa za a nemo? Ni na tono wannan rijiya da bakina, in wani abu ya sami yaron nan a cikinta ina zan sa kaina? Ke da kika san aikin asibiti, ki gaya mini abin da ake yi wa mutumin da iskar rami ta buge.

Ki gaida maigidanki. Ki kira ni, wannan karon ba zan hana ki cewa in daina damuwa ba.

Mahaifiyarki.

Ranar Asabar

Zuwa ga 'yata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, babba da yaro, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Na gode da bayanin da kika yi wa Gwani a waya, ya ce a gaya miki duk abin da kika faɗa haka suke yi tun kakanni, amma ya ji daɗi da asibiti ta yarda da su.

Da tsofaffin katakan layi da aka yar a gefe aka yi wa faifan maɗauki, maza suka taru suka ture shi gefe. Wani wari ya taso mai nauyi, kowa ya ja da baya. Gwani ya ɗaura fitilar ƙwai a igiya ya zura. Ba ta yi nisa ba ta mutu. Na ce shi ke nan, ba mai shiga, a mai da murfin. Ba wanda ya kula ni. Suka sare manyan rassa masu ganye suka ɗaura a igiya, suka wuni suna zurawa suna jawowa don iskar ta motsa, aka bar bakin a buɗe. Washegari aka sake zura fitilar, ta sauka har ƙasa tana ci.

A haskenta muka leƙa. Ginin dutsen yana nan lafiya lau kamar jiya aka gama shi. Amma a ƙasa babu ruwa, sai baƙar laka. Na ga fuskar Auta ta canza. Wani daga baya ya ce, kabarin jirgi dai. Gwani ya ce laka ba ta zama ɗanya shekara da shekaru in babu mai jiƙa ta.

Aka ɗaura wa Auta igiya a ƙugu da ƙirji. Maza suka jeru suka riƙe, ni kuma na kama jelar igiyar a can ƙarshe. Na san riƙona ba ya ƙara komai, amma ba wanda ya isa ya ɓamɓare hannuna. Matarsa ta tsaya kusa da ni da Takwara a baya, leɓenta na motsi. Ya sauka har muryarsa ta koma kamar daga wani gari take zuwa. Guga ya riƙa fitowa da laka, da ɓaraguzan tubali, da guntun bututun injin babanku. Duk gugan da ya fito sai in ce a tambaye shi ko yana numfashi. Har Gwani ya ce, Inna, wanda ba ya numfashi ba ya cika guga.

Rana ta take sosai sa'ad da muka ji ya ƙwala kira a ja shi da sauri. Na ƙara damƙe jelar igiyar. Maza suka ja da ƙarfi, igiya na ƙuna a hannu. Kansa ya fito, sannan kafaɗunsa, baƙi ƙirin da laka, ba abin da ake gani sai haƙora. Dariya yake yi. Daga ƙirjinsa zuwa ƙasa sharkaf yake. Ya ce ya ɗaga wani faffaɗan dutse ne, ruwan ya taso masa ta ƙarƙashin ƙafa kamar an kwance dabba, kafin ya gyara tsayuwa ya kai masa ƙugu.

Ban san yadda aka yi na isa wurinsa ba. Na rungume shi da lakar da komai a gaban surukinsa da duk gari, ban ji kunyar kowa ba. Aka zura guga ya fito cike. Na fari da na biyu baƙi ne, aka yi ta kwarfewa har ya fara washewa. Baba Mai Tuta ya ce a zuba masa a hannu. Ya shafa a fuska ya ce sanyin bai canza ba. Mai Ƙwai ta tsaya kusa da shi, karo na farko a rayuwarta ba ta mayar masa da magana ba.

Da safe ruwan ya hau har inda dutsen ya canza launi, wato inda yake tsayawa a da. An yi ta ɗiba tun jiya bai ja baya ba. Na sa an tafasa na sha kafin a ba yara, kamar yadda kika ce. Na kuma tsaya a kan Gwani sai da ya fara ɗaga bango a bakin rijiyar, don Takwara ta fara tafiya kuma ba ta jin kira.

Manyan mai gadi sun yarda a yi lambu a filin bayan sito. Auta ya ja kunyoyi, jiya da yamma shi da matarsa suka dasa abin da ya rage na irin. Yau da na je, ganyen ya miƙe tsaye. Mutane na ta zuwa suna auna gefensu, samarin teburin shayi ma na ga biyu da fartanya. An kori awaki daga ɗakin jira, an share shi don ajiyar kwanduna. Layin famfon gari ya ragu har mata na tsayawa hira don ra'ayin kansu. Tashar nan ta cika da hayaniya kamar jirgi ya tsaya.

Na same shi a tsugune yana ban ruwa. Bai ɗago ba ya ce, Inna, rubuta wa Yaya, ki ce na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, amma a ba wani aikin. Na ce ya kira ki da bakinsa. Ya nuna mini hannuwansa ya ce da wanne zai riƙe wayar.

To, ga shi na rubuta. Ki ba shugaban siton haƙuri, ki yi masa godiya. Auta yana nan, ni ma ina nan.

Ki samu hutu ki kawo mini yara su gani da idonsu. In za ku zo, ku sa takalman da ba kwa jin tausayinsu, don hanyar tasha yanzu duk caɓi ce.

Gaisuwa daga Auta da matarsa da Takwara, da Mai Ƙwai, da Gwani. Allah ya yi muku albarka.

Ni ce taki har kullum,
Innarku.